Ƙwaryar da Baba Yusha'u Ya Kife

Da an idar da sallar asuba, Baba Yusha'u ba ya komawa barci. Zai ɗaure gwangwanayen fentinsa a bayan tsohon kekensa, ya soke buroshi a aljihun riga, ya tura keken da hannu, don tun bara hawansa ya gagare shi. Ya bi ta bayan tashar Tasawa, ya sha shayi wajen Haruna, sannan ya nufi inda aikin ranar yake. In ya isa, kada ka ce zai fara. Zai sa mai shago ya fito da kayan da za a zana masa a bango, a jera su a ƙasa, shi kuma ya shimfiɗa buhu ya zauna yana kallonsu. Ya ɗaga wannan ya ji nauyinsa, ya juya wancan, wani ma ya shinshina shi. Hantsi ya yi, azahar ta gabato, bango yana nan fari fat, mai shago yana ta kai da kawowa ransa na tafasa. Haka yake wa garin nan aiki tun ina yaron lakwal, ɗan makarantar boko, kuma ban san mutum ɗaya da ya ba shi aiki bai yi da-na-sani ba a ranar farko.

Na zauna ne in yi masa jinjina, amma gara in faɗa tun yanzu, da haushinsa nake rubutun nan. Bana ya ajiye buroshi. Likita a Maraɗi ya ce warin fenti da na esansi, wato fetur, sun gama da ƙirjinsa, hannunsa na dama kuma ya fara rawa. 'Yarsa Rufaida da ke aure a Baudeta ta ce da an shigar da amfanin gona za ta zo ta tafi da shi. Ni kuwa abu ɗaya na nema a hannunsa kafin ya tafi: ya sabunta mana zanen da ya yi wa mahaifiyarmu a bangon rumfar furarta, wanda ruwan bara ya cinye rabinsa. Aikin da wani zai gama kafin la'asar. Zan gaya muku yadda muka ƙare da shi, amma sai kun fara sanin ko da wa na haɗu.

Baba Yusha'u ba ya zana abu mai rai. Mahaifinsa malami ne a Hawan Dawaki, ya taɓa kama shi yana zana jaki da gawayi a jikin rumbu, ya sa shi ya yi alkawarin ba zai ƙara zana abin da ke numfashi ba. Tsohon ya daɗe da rasuwa, alkawarin yana nan. Saboda haka duk abin da za ka gani nasa a Tasawa da Mayahi da ƙauyukan da ke tsakani, kaya ne a ajiye: buta, kwano, damin gero, almakashin tela, kwaɗo da mabuɗinsa, tumatir a faranti. Waɗanda suka ga duniya sun ce mini a can irin wannan zane yana da daraja, a ɗakuna masu sanyi ake rataye shi, mutane su yi layi su shiga kallo. Namu yana bakin kwata, awaki suna sosa jikinsu da shi.

Ahmadu mahauci ya taɓa kiransa, ya ce rago yake so, ƙato, mai ƙaho murɗaɗɗe, wanda za a hango tun daga titi. Baba Yusha'u ya ce to. Da aka gama, Ahmadu ya zo ya tarar da wuƙarsa mai ɗaurin roba a ƙota, da tsire jere a gefen garwashi, da yaji a kan yagaggiyar takardar siminti, da rabin albasa.

"Baba, ina ragon?"

"Ragon shina cikin tsiren."

Ahmadu ya yi ta faɗa, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. Baba Yusha'u yana wanke buroshi, ko a jikinsa. Ni dai na san duk lokacin da na wuce bangon nan da yamma sai yawuna ya tsinke, kuma ban taɓa jin yunwa don na ga hoton rago ba.

Na Haruna mai shayi ya fi ba ni dariya, don a gabana aka yi. Haruna ya ji za a zana masa buta, sai ya aro sabuwa fil daga maƙwabcinsa, mai ƙyalli, ya ɓoye tasa a ƙarƙashin tebur. Baba Yusha'u ya dubi sabuwar ya ce, "Wagga ta wa ce?"

"Tawa ce mana, Baba."

"Haruna, shayin wagga ni ka sha kullum? Mai da wa mai ita kayanai, ka hiddo taka."

Haka Haruna ya fito da baƙar butarsa, wadda wata mota ta taɓa turewa tana komawa baya, cikinta ya lotsa. Ita aka zana, da lotsawarta da baƙin hayaƙinta, da kofuna waɗanda ba wanda ya yi kama da ɗan'uwansa, da burodin da aka riga aka yanka. Haruna ya ce an tona masa asiri a bainar jama'a, ya yi kwanaki yana miƙa wa Baba shayi ba tare da ya dube shi ba. Yau direbobin Damagaram in za su yi maka kwatance cewa suke, ka same ni wajen mai lotsattsiyar buta. Har gobe Haruna bai yarda an kyauta masa ba, amma da aka zo yi wa rumfarsa sabon yaɓe, shi da kansa ya tsaya ya hana a taɓa wannan gefen.

Ba kullum yake cin nasara ba, kuma kada a ɗauka ina kare shi. Alhaji Laminu na Mayahi ya buɗe babban butik, wato kanti, ya aika aka ɗauko Baba a mota. Ya nuna masa hoto a salula: inabi, tufa, wasu 'ya'yan itace jajaye da ko sunansu ban sani ba, duk suna sheƙi. Baba ya leƙa cikin butik ya ga gwangwanin tumatir da sabulu da taliya da sukari, ya ce waɗannan zai zana, abin da ke cikin salula kuwa a kawo masa shi ya riƙe a hannu tukuna. Alhaji ya lallashe shi, ya ƙi. Ya ce a haɗa biyun, ya ƙi. Ƙarshe dai a motar kasuwa ya dawo, da gwangwanayensa a cinya, iyalinsa kuma a lokacin suna bukatar aikin nan ƙwarai. Na ce masa, Baba, inabi ne fa, ba gunki ba. Ya ce bai san nauyinsa ba. Wannan amsa ce da za a ba mutum mai hankali?

Alhaji ya aika Maraɗi aka bugo masa hoton a leda, aka manna. Daga nan kowa ya bi. A nan kuma haushina yake komawa kanmu mutanen gari. Ka tashi daga Tasawa ka bi Mayahi har Atantane, hoto ɗaya za ka yi ta gani: kofi ɗaya na madara tana fallatsa, inabin nan dai da ba wanda ya taɓa ci a cikinmu, kaza gasasshiya ɗaya tana bin ka gari gari. Mai sayar da ƙosai ma ta rataya hoton wani abinci mai hawa-hawa da ba a taɓa dafa shi a unguwarsu ba. Bazara biyu rana ta kwashe kalar, iska ta yage ledar, ta tafi ta maƙale a ƙaya. Mun ga abin da ya fi namu sheƙi, mun ji kunyar butocinmu, mun bar tsoho yana tura keke yana neman bangon da ya rage.

Kai ne, Baba Yusha'u, mai taurin kan da ya hana mu ƙarya a jikin bangonmu. Kai ne ka ga cewa almakashin tela Iliyasu ba irin na kowa ba ne, don gefe ɗaya ya cinye da wasawa. Kai ne kake ba mutum kayansa ya ƙi su, shekara ta zagayo ya dawo yana nuna wa baƙi. Ka ɓata wa rabin garin nan rai, kuma ba wanda ka taɓa ba haƙuri.

To ga tamu.

Mahaifiyarmu, Inna Zara'u, ta yi shekaru tana sayar da fura a wata rumfa kusa da kasuwa. Ba ta yarda a ɗauke ta hoto ba. Ɗaya tak muke da shi, na katin ɗan ƙasa, ta ɗaure fuska kamar an kawo ta gaban alƙali, ba wanda zai gan shi ya ce ita ce. Amma akwai bangon rumfa. Tun muna ƙanana Baba Yusha'u ya zana mata ƙwaryarta, wadda ta tsage aka ɗinke ta a gefe, da faifai a karkace ya rufe rabinta, da ludayi a tsaye cikin fura. Yadda ta saba ajiye su ke nan in ta tashi ba da canji. Bayan ta rasu, yayata Mansura ta gaji rumfar. Ni kuma duk lokacin da na zo daga Maraɗi inda nake aiki, kafin in shiga gida sai na tsaya gaban bangon nan. In na ga karkacewar faifan, sai in ji kamar yanzu Inna za ta dawo ta gyara shi.

Ruwan bara ya shiga bayan yaɓen ya ɓamɓare shi. Ludayin ya tafi, rabin ƙwaryar ya tafi. Magini ya zo ya yi sabon yaɓe, sauran ma ya shafe. Allah ya sa ina da hoton tsohon zanen a salula. Mansura ta ce a kai Maraɗi a bugo shi a leda kawai a huta. Na ce a'a, mai shi yana raye, me zai sa mu manna leda?

Na same shi wajen Haruna, na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa salular.

"Baba, wanga za ka maido muna. Yadda shike ɗin nan, kar a ƙara kar a rage."

Ya kawo ta kusa da ido, ya nisantar, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wa ya yi wanga?"

"Kai mana, Baba."

"Wanda ya yi shi yaro ne, hannunai bai rawa. Ban san inda shike ba yanzu." Ya miƙo mini salulata. "Ba ni zana hoto, Misbahu. Ku kawo ƙwaryar."

Wallahi na ji kamar in kwashe gwangwanayen nan in watsa su a kwata. Aikinsa ne, hannunsa ne, ba inabin Alhaji ba. Na ce masa uwarmu ce fa, ba mu da wani abin tunawa da ita. Ya ce ya sani, ai ya riga ni saninta. Ya ci gaba da shan shayinsa.

Ƙwaryar tana ɗakin Mansura, a naɗe cikin tsohon zanen Inna, a can ƙasan gado. Tun ranar rasuwa ba a sa mata fura ba. Mansura a bokitin roba shuɗi take sayarwa, da ƙanƙara a ciki, don masu saye yanzu mai sanyi suke so. Da na ce ta fito da ita ta ƙi. Sai da na haɗa ta da Allah sannan ta ɗauko, ta kai rumfa tana ƙunƙuni.

Baba ya zo ya shimfiɗa buhunsa. Ya ɗauki ƙwaryar, ya bi ɗinkin da yatsa, ya shinshina cikinta, ya ajiye. Sai kuma ya juya mata baya, ya zauna yana kallon Mansura tana dama wa mutane fura. Washegari haka. Jibi haka. Ya sha furar, ya yi hira da masu saye, ya tashi ya tafi, bango yana nan yadda magini ya bar shi. Gero ya fara nuna a gonaki, Rufaida tana ta bugo waya tana tambayar yaushe za ta zo. Mansura ta kira ni ta ce, "Tsohonka ya ishe ni. Ya tsare min wuri, ya sa min ido, ko ludayi na ɗaga sai ya bi shi da kallo. In ba shi yi, ka gaya mai ya tahi, in aika a bugo leda." Na roƙe ta ta ƙara haƙuri, alhali ni ma nawa ya ƙare. Na fara tsoron za a zo a ɗauke shi bai taɓa bangon ba, ko kuma hannun ya ƙarasa mutuwa muna kallo.

Wata safiya ina wurin aiki ta sake bugowa.

"Zo ka ga abin da ya yi muna."

Na shiga motar farko. Da na iso na tarar da mutane tsaye gaban rumfa, Mansura ta riƙe ƙugu, Baba Yusha'u yana zaune a kan buhunsa yana goge buroshi da tsumma, yana tari. Na ɗaga kai na dubi bangon.

Ƙwaryar Inna ce, ba shakka, da ɗinkinta, har da wani ɗan guntulewa a baki da ni ma na manta da shi. Amma a kife take. An kwantar da ludayin a bayanta, an jingine faifan a gefe. Kusa da ita kuma ga bokitin roba shuɗi, a buɗe, cike da fura, ƙanƙara na yawo a sama, jikinsa na naso. Har hannun bokitin da ya tsinke Mansura ta ɗaure da waya bai bari ba. Layin bai miƙe kamar na da ba, ana ganin inda hannun ya yi rawa.

Duk wanda ya tashi a garin nan ya san ma'anar kifaffiyar ƙwarya a gaban mai fura. In ta sayar ta ƙare, sai ta wanke ta kife, mai zuwa ya hango tun daga nesa ya juya.

"Baba, mi na yi maka?" in ji Mansura. "Ka kihe min ƙwarya bisa bango? Kowa ya gani sai shi ce hura ta ƙare! Kashe min kasuwa za ka yi? Kuma wa ya ce ka sa wanga mummunan bokiti? Ta Inna munka ce, ta Inna!"

Ni ma na buɗe baki. Na ce ba haka muka yi da shi ba, na ce ga hoto na nuna masa, na ce wata da watanni muna jiransa. Ya bar mu muka gama. Sannan ya dubi Mansura ya ce, "Ɗiyata, na zamna na jira in ga kin sa mata hura, ba ki sa ba. Na shinshina, babu ƙamshin nono cikinta, sai na zane. In zana ta cike, in yi ma Zara'u ƙarya? Tata ta ƙare. Taki ce akwai, ga ta nan na sa."

Mansura ta saki ƙugu, ta zauna a kan turmin da ke gefe, ta ja mayafi ta rufe fuska. Tun ranar jana'iza ban ga kukanta ba sai ranar. Ni kuwa na tsaya ina neman faifan nan a karkace, wanda nake jira Inna ta dawo ta gyara, na ga an riga an jingine shi. Na ji zafin haka sosai, kuma har yanzu ina ji.

Baba ya ɗaure gwangwanayensa. Na ce in tura masa keken, ya ce in bari. Aikinsa na ƙarshe ke nan. Rufaida ta zo da motar haya bayan an gama yankan gero, yanzu yana Baudeta, an ce yana zama a gindin rumbu yana gaya wa surukinsa cewa bai iya jera dami ba.

Baba Yusha'u, mun gode. Na gode, ko da yake ba abin da na roƙa ka ba ni ba, kuma in ka dawo yau da hoton nan dai zan sake nuna maka. Allah ya sassauta maka ƙirjin nan, ya saka maka da alheri, ya ba Rufaida haƙurin zama da kai, don za ta bukace shi. Ku kuma samarin da ke riƙe buroshi a Tasawa da Mayahi, ban ce ku ɗauki taurin kansa duka ba, garin ba zai iya da biyu ba. Amma ku ajiye salula, ku ɗaga kayan mutum ku ji nauyinsu kafin ku zana. Masu shago, ku fito da butocinku na gaskiya, ba wanda zai yi muku dariyar da ba a yi wa Haruna ba.

Abin da Mansura ta ji tsoro kuwa ya faru. Ba ranar da za ta wuce baƙo bai tsaya bakin rumfa ya dubi bango ya ce, "Hajiya, hura ta ƙare ne?" Ranar kasuwa har muryarta dushewa take. Ta ce mini da ta sani da leda ta manna. Na zauna wajenta makon jiya, wani mutumin Atantane ya sauka daga babur, ya duba, ya yi tambayar. Ba ta ko ɗaga kai ba, ta ce, "Ta Innarmu ce ta ƙare. Tawa tana nan."

Mutumin ya cire hularsa ya mayar. Ya ce, "Allah shi jiƙanta. Mi sunanta?"

"Zara'u."

"Allah shi jiƙan Zara'u."

Mansura ta ce amin, ta ɗauki ludayi. Kafin ta gama dama masa, wani ya tsaya yana duban bangon.